Ranar da Wuta Ta Ritsa da Dolgor

Dolgor gwauruwa ce, tana kiwon tumaki a gefen dajinmu na lardin Selenge. Da ƙungiyar kula da daji ta dasa itatuwa a inda masu sara suka share, ita aka ba gadi, don tantinta ya fi kusa.

Wata bazara da ruwa ya yi jinkiri, tana kan doki da tsakar rana sai ta ji ƙauri. Ta kira ƙaninta Gombo a waya.

"Gombo, hayaƙi nake gani a bayan tsauni!"

"Haba Yaya, kin cika tsoro. Wani ne ke gasa nama."

"Wane nama ne hayaƙinsa ke rufe rana? Maza tara mutane!"

Kafin ta sauke wayar, iska ta juyo. Wuta ta taho ta saman bishiyoyi tana ruri. Dokin ya yi tutsu, ya kayar da ita, ya tsere. Da rarrafe ta kai rafi, ta shiga ruwa mai sanyin ƙanƙara har wuya, ta rufe kai da rigarta. Rassa na faɗowa da wuta kewaye da ita, tana kiran sunayen 'ya'yanta.

Sai da yamma Gombo ya tsamo ta. Rabin dashen ya ƙone.

Ta daɗe ba ta iya zama kusa da murhu. Da damina ta sauka ta koma gadi, amma Gombo take tasawa gaba kullum.