Zanen Jabun da Na Sayar wa Baba Issaka

Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba kunya ce ta hana ni ba. Waɗanda ya kamata su san shi sun sani, har da alƙali. Da ku samari nake, musamman masu baiwar hannu, waɗanda ke ganin duniya ta ƙi biyansu daidai da gwanintarsu. Ni ma haka na gani a lokacina, kuma har gobe ban janye wannan maganar ba.

A Kano na tashi, a hannun wani mai rubuta allunan shaguna da zanen bayan manyan motoci. Shi ya koya min riƙon buroshi. Mutum ne mai tsananin son tsabtar aiki. In ya hango inda ka goge, ko inda ka shafa fenti a kan kuskure, sai ya sa ka wanke allon ka sake tun daga farko. Yakan ce, "Aikin da aka ga gyara a jikinsa aikin rago ne." Da wannan na girma. Ba na shaye-shaye, ba na ɗauke-ɗauke, ko canjin mutum ban taɓa riƙewa ba.

Da Allah ya kawo ni New York, na sauka wajen kawuna a unguwar Highbridge. Na yi wankin kwanuka, na yi dakon kaya, daga baya na samu aiki wurin wani dila mai sayar da zanen komik na asali. Ga wanda bai sani ba, kowane shafi na littattafan komik sai da wani ya zauna ya zana shi da hannu, da fensir da tawada, a kan babbar takarda mai kauri, sannan aka kai maɗaba'a. Wannan takardar guda ɗaya ce tak a duniya. Akwai masu tara irinsu, kuma ba duka ne attajirai ba. Da yawansu ma'aikata ne da suka karanta littafin suna yara, suka girma da son su riƙe shafin a hannunsu.

Maigidana ya san wannan son, da shi yake cin abinci. Ba ya rubuta farashi a jikin kaya, sai dai "a tambaya". In ka tambaya, sai ya fara jan ka da hira don ya ji nauyin aljihunka. In ya ji muryarka tana rawa, kuɗi ya hau. In ka tafi yin shawara ka dawo, ya ƙara hawa, wai kasuwa ta motsa. Saƙonnin mutane kuwa sai su yi ta taruwa bai duba ba. Wanda ya biya ma, kayansa na iya yin makonni a ƙarƙashin tebur, ni ake sa wa in ce suna hanya. Ni ne mai ɗaukar waya, don haka ni nake shan zagin. Wani ya taɓa ce min, "Ku gaya min kuɗin abu kawai, in zan iya in saya, in ba zan iya ba in haƙura. Wannan ma roƙo ne?" Gaskiya ya faɗa.

Daga nan shaiɗan ya samu ƙofa. Wata rana wani mai saye ya ja ni gefe ya ce in faɗa masa ƙarshen abin da maigida zai karɓa, ya cusa min ɗan abu a aljihu. Na faɗa masa. Ban ji komai a raina ba, har gani nake taimako na yi. Sai na fara ba mutane lambata, ina cewa in suna neman wani abu su kira ni kai tsaye. Nakan samo ƙananan shafuka a wurin wasu in sayar musu a bayan idon maigida. Ina amsa saƙo nan take, ina faɗin farashi sau ɗaya, ina naɗe kaya da kyau in aika a ranar. Abin da suka rasa ke nan a kasuwar, sai suka ɗauke ni waliyyi. Suna ta yaɗa sunana a tsakaninsu, wai ga wani ɗan Afirka mai amana.

Matsalar ita ce masu nema sun fi kayan yawa. Wani ya tambaye ni wani shafi da babu wanda ya san inda yake. A ɗakin ajiyar shago akwai tsofaffin takardun zane da ba a taɓa amfani da su ba, har sun yi ja don daɗewa. Na ɗauki ɗaya, na buɗe bugaggen littafin a gabana, na zana shafin layi bayan layi. Da na gama na tsaya ina kallonsa, sai na ji kaina ya kumbura. Mutumin ya saya yana godiya. Bayan shi na yi wa wani, na yi wa wani. Ina gaya wa kaina cewa dilolin nan sun fi ni cuta, ni dai aƙalla ina sallamar mutum yana murmushi.

A cikin wannan hali na haɗu da Baba Issaka. Dattijo ne ɗan zangon Kumasi, yana tuƙa bas a filin jirgi, yana zaune a wata unguwa ta New York da ake kira Jamaica. Ya shigo shago ya ji ina waya da Hausa, sai ya tsaya ya ce, "Kai, yaro na wane gari ne?" Tun daga ranar ya mai da ni ɗa. Mukan haɗu a masallacin Juma'a, in an idar ya ja ni cin tuwon zafi da miyar ayoyo, kuma bai taɓa bari na biya ba.

Shi ma yana tara shafukan asali kaɗan-kaɗan, yakan ba ni labarinsu. Akwai wani littafin komik da ya tsinta yana yaro, wanda da shi ya fara haɗa baƙin Turanci. Maigidana na da shafi ɗaya na asali daga wannan littafin, Baba kuma ya daɗe yana binsa. Duk zuwan da zai yi sai ya tarar kuɗin ya tashi. Rannan ya fito daga shagon ransa a ɓace, ya ce min, "Ɗana, oburonin nan, Baturen maigidanka, wasa yake da ni. Na yi obataim, aikin ƙarin lokaci, na tara, na zo, ya ce ba haka ba. Ni ba bara na zo ba fa."

Na ce, "Baba, bar ni da shi. Zan samo maka wani shafin daga littafin, wanda ya fi wannan."

Na san abin da nake nufi lokacin da na faɗa. Na zaɓi shafin da ya fi yi min labarinsa, inda jarumin ke goye da wani tsoho yana ratsa ruwa. Ban taɓa zuba hannuna a kan aiki kamar wannan ba. Ko ɗigon tawada bai kauce ba. Da na kai masa, ya karɓa, bai ko juya bayan takardar ba. Na yi ƙarfin halin cewa zan rubuta masa shaidar ciniki, sai ya harare ni. Ya ce, "Takarda tsakanina da kai? To sahun da muke tsayawa tare na mene ne?" Na san haka zai ce. Na san a wurinmu ba a ƙwanƙwasa kayan ɗan'uwa a gabansa, kuma da wannan kunyar tasa na yi lissafi. Na karɓi kuɗinsa na sa a aljihu.

Bayan wani lokaci aka yi babban baje-kolin masu komik a cikin gari. Ina tsaye a teburin maigidana sai na hango Baba cikin dogon layi, sanye da farar rigarsa ta Juma'a, rungume da shafin a cikin leda. A ƙarshen layin akwai wani tsoho yana sa wa mutane hannu. Shi ne ainihin wanda ya zana littafin. Ban ma san yana raye ba. Akwai lokacin da zan iya zuwa in janye Baba daga layin in gaya masa gaskiya a asirce, ya zage ni a wuce wurin. Ƙafata ta kai ni kusa, amma sai na tsaya a gefe. Da ya gan ni sai ya ɗaga min hannu yana dariya.

Tsohon ya karɓi shafin, ya karkata shi wajen fitila, ya shafa shi da yatsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wanda ya yi wannan ya fi ni tsabtar hannu. Ni ban taɓa gama shafi ba sai na shafe kurakurai da farin fenti, wani wurin har in liƙa takarda in sake fuska. Duba nan, ko gyara ɗaya babu. Ka yi haƙuri, ba nawa ba ne."

Baba ya ce, "A'a, sake dubawa dai. Ɗana ne ya samo min."

Wasu daga mutanen layi suka ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Baba ya juyo ya dube ni, yana jiran in zo in kare shi. Na sunkuyar da kai. Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa lauyana ba: a daidai wannan lokacin, da dattijon nan ke tsaye cikin kunya a gaban jama'a, wani ɓangare na zuciyata murna yake an ce na fi mai zanen tsabtar hannu. Ku auna irin lalacewar da na yi.

Baba bai kai ni ƙara ba. Hoton ne ya zaga cikin masu tarawa, kowa ya ciro abin da ya saya a hannuna ya duba, ya ga babu farin fenti. Kullum ina juya shafukan asali a shago, ina ganin gyare-gyaren nan, amma hannuna ya ƙi yarda ya yi ƙazamin aiki ko da na ƙarya ne. Aka zo aka tafi da ni.

A kotu maigidana ya zo ba da shaida cikin kwat, yana girgiza kai, wai na ɓata sunan sana'a mai daraja. Na dube shi ido cikin ido, shi ya fara kau da kai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da shi da ire-irensa suna faɗin farashi a fili, suna amsa wa mutane, da babu wanda zai rugo wurina. Wannan na faɗa, kuma ban nemi afuwarsa ba, ba kuma zan nema ba. Amma alƙali ba warin daddawa ya zauna yi wa shari'a ba, kuma ya yi daidai. Na amsa laifina da bakina, aka kai ni gidan yari.

Ba zan ba ku labarin gidan yari don ku ji tausayina ba. Na ci abin da aka ba ni, na kwanta inda aka nuna min, na koma ga sallata. Masu yi da ni a bakin masallaci su ci gaba, ni da Ubangijina mun san inda muka kwana. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni a can: fuskar Baba lokacin da ya juyo yana nemana.

Da aka sake ni, na nemi gidansa a Jamaica, karo na farko da na taka shi. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce, "Tashi, ɗana, shigo." Ya sa aka kawo min abinci. Na fara maganar mayar masa da kuɗinsa, ya ɗaga hannu ya ce ya yafe tun ina ciki. Sai na lura da bangon falon. Ƙusoshi ne jere, da alamun inda firam-firam suka daɗe a rataye, amma babu ko ɗaya.

Na ce, "Baba, ina sauran zanen naka? Ai waɗancan na gaske ne, ba a hannuna ka saya ba."

Ya ce, "Na sani. Amma in na zauna ina kallo, sai in ga ina neman inda aka cuce ni. Da can in na dawo aiki a gajiye, su nake kallo in huta. Yanzu ba na hutawa, sai na sauke." Ya tura min kwano ya ce in ci kada ya huce.

Yanzu ina rubuta allunan shaguna a Bronx, ina sa sunana a ƙasan kowanne, ina faɗin farashi kafin in fara. Na tuba, kuma ba na neman kowa ya buga min hatimi a kan tubana.

Ku kuwa samari, ga tawa. Za ku ga manya suna cuta cikin kwat babu mai taɓa su. Gaskiya ne, kada wani ya ce muku ba haka ba. Ku ƙi sayen kayansu, ku faɗi halinsu a fili, ku bar musu aikinsu in kun gaji. Amma kada ku ce za ku rama ta hanyar da na bi, don maigidana ko kwabo bai yi asara ba, yana nan yana ciniki. In kuma kana ganin ka fi ni wayo, bismillah, hanya ga ta nan. Sai dai ka sani, wanda ba ya yarda da kai ba zai taɓa sayen jabunka ba, mai ƙaunarka ne zai saya. Ni nawa sunansa Baba Issaka. Har yau ɗana yake kirana, kuma ya daina kallon zane.