Ɗan Majalisar da Ya Rayu da Sunan Mamaci

Haihuwa da Ƙaura

An haifi Sirajul a shekarar 1923 a wani ƙauyen masunta da ke yankin Noakhali a ƙasar Bengal. Mahaifinsa shi ne Tofazzal Mia, mahaifiyarsa kuwa Joygun Bibi. A shekarar 1934 baffansa Kobad Ali, mai gidan burodi a tsibirin Penang na ƙasar Malaya, ya zo ganin gida tare da ɗansa Nurul Amin, wanda aka haifa a can Penang, sai zazzaɓi ya yi ajalin yaron. Kobad Ali ya koma da Sirajul a kan takardar haihuwar marigayin, kamar yadda mutanenmu na Bengal da yawa suka yi a wancan zamani ba tare da ganin laifin abin ba. Daga ranar ya zama Nurul Amin, ɗan Kobad Ali da matarsa Sokhina.

Karatu, Sana'a da Aure

Ya yi shekara biyar a makarantar Malayawa yana tallar burodi a kan keke. Ya gaji gidan burodin a shekarar 1949, ya auri Rokiah, 'yar wani masunci Bamalaye, a 1952. Bayan samun 'yancin kai aka ba shi shaidar zama ɗan ƙasa bisa waccan takarda, kuma a kanta matsayin 'ya'yansa ya dogara.

Siyasa

A shekarar 1964 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin jiha mai wakiltar mazaɓar 'yan dakon tashar jiragen ruwa, inda ya yi tsayin daka har aka kai musu ruwan famfo da asibitin haihuwa. Da ya sake lashe zaɓe a 1969, abokin hamayyarsa Harun Salleh ya kai ƙara cewa ba haifaffen ƙasar ba ne, ya kuma kawo wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa daga ƙauyen su Sirajul ya ba da shaida. Faɗuwa a shari'ar na nufin rasa kujera, da kora daga ƙasa, da barin 'ya'ya biyar ba su da asali.

Tsohon ya ƙura wa ɗan majalisar ido a gaban alƙali, ya ce, "Kai Siraj, ni za ka yi wa kallon baƙo? Uwarka Joygun kullum tana bakin ruwa tana tambayar 'yan jirgi labarinka."

Alƙali ya tambayi ɗan majalisar ko wace ce Joygun. Ya amsa, bayan ya yi rantsuwa, "Ranka ya daɗe, matar baffana ce."

Aka kori ƙarar saboda rashin hujja a rubuce. Tsohon ya koma gida da wannan magana a bakinsa, Joygun kuma ta rasu bayan wata huɗu, kuma ɗanta bai je ta'aziyya ba don tsoron a sake tayar da shari'ar. Wannan shi ne baƙin cikin rayuwarsa, kuma bai sake tsayawa takara ba bayan 1974.

Rasuwa da Jana'iza

Ya rasu ranar Talata, 9 ga Yuni, 1987, bayan doguwar jinya. A al'adar Malayawa, idan an rufe kabari liman yakan zauna ya yi wa mamaci talƙini, yana kiransa da sunansa da na mahaifiyarsa. Liman ya duba takarda zai kira ɗan Sokhina, ga Harun Salleh tsaye cikin jama'a, ga kuma babban ɗan marigayin, Faridul, yana shirin neman kujerar mahaifinsa.

Faridul ya ce, "Tsaya, Liman. Baba ya bar wasiyya, ya ce mala'iku ba sa duba katin shaida. Ka ce Sirajul ɗan Joygun."

Liman ya kira sunan sau uku. Harun Salleh ya ji da kunnensa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a tare da kowa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a ji ya tayar da zancen ba.

Marigayin ya bar matarsa Rokiah da 'ya'ya shida: Faridul, Hasnah, Kamrul, Mahfuza, Zainol, da autarsu da aka haifa shekara guda bayan shari'ar, Joygun. Allah ya jiƙansa, ya sada shi da mahaifiyarsa cikin rahama.