Ranar da muka rasa makarar ɗaukar Baba Ladan

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin yawancin waɗanda zan ambata suna raye, muna haɗuwa a kasuwa. Lokacin da abin ya fara ni matashin magidanci ne a wani ƙauye kusa da Zakirai, inda gona ke manne da gona, in ka yi tari a taka maƙwabcinka ya ce maka sannu. Ina noma gero da gyaɗa, ina da mata da ƙananan yara, karatuna bai wuce na allo ba. Abin da ke cin raina a lokacin shi ne ina ganin kamar wasa nake da addini. Sai ga wani malami ya sauka garinmu da rani, mai kaifin harshe, mai zubar da hawaye in yana wa'azi. Sau ɗaya na zauna gabansa, ban ƙara samun sukuni ba sai da na zama nasa.

A hankali dokokin suka riƙa zuwa. Aka fara hana mu rediyo da hirar dandali. Daga baya aka ce kada mu bi kowa salla sai namu, kada mu ci yankan kowa, kada matanmu su leƙa gidan suna. Muka koma bakin gari, muka kewaye gidajenmu da dangar kara, muka yi masallacinmu. Ta ƙarshe ita ce dokar jana'iza, wato duk wanda ya mutu a wajen danga ba ruwanmu da shi. Ana cikin haka kawuna ya rasu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koya mini riƙon fartanya. Aka wuce da shi ta gefen gonata, na sunkuyar da kai na ci gaba da noma, ina jin wai jarrabawa na ci.

Sai shekarun wahala suka shigo. Ruwa ya riƙa ɗaukewa ana tsakiyar damina, rumbuna suka zama wayam tun kafin bazara, muka koma cin tafasa da rama da ɗan garin rogo. Mutanen gari suna jingina da dangi, mu kuwa mun yanke namu da hannunmu. Wata rana Malam ya tara mu ya ce ƙasar nan ta lalace, zai yi gaba ya nemo mana wurin zama, sai ya aiko. Ya tafi da iyalinsa da wasu 'yan kaɗan. Bai aiko ba. Gara ta ci dangar ta zube, ba wanda ya ɗaga ta.

Zaman da ya biyo baya shi ne nake so masu karatu su ji, domin mutane sun ɗauka in ka fita ka fita ke nan. Mun zama kamar baƙi a garin da aka yanke mana cibiya. Na koma masallacin gari, amma kullum a sahun ƙarshe, can ƙarshen bango, ana sallamewa na zari takalmi. In aka miƙo mini ƙosai a kasuwa sai hannuna ya noƙe kafin in tuna babu mai hana ni. Ba na iya zama wuri ɗaya. In tafi gona in dawo, in sake komawa ba tare da wani aiki ba. Da la'asar mu ragowar mukan taru a gindin wata ɗorawa, ba don muna jin daɗin juna ba, sai don babu inda za mu. Kowa da abin da yake faɗa. Akwai mahauci, wanda ya yi asarar duk masu sayen namansa, shi cewa yake yaudara ce tun daga tushe, kuma ko lasifikar wa'azi ya ji sai ya canja hanya. Akwai wani tela da ke cewa karatun gaskiya ne, mu ne muka cika masa gishiri. Matata tata daban ce, ta ce ita ba ta kewar Malam ko kaɗan, abin da take kewa shi ne yadda matan cikin danga ke haɗuwa su yi wa mai jego daka. Sai kuma Baba Ladan, tsohon da ke kira mana salla. Shi bai taɓa yarda an watse ba. 'Ya'yansa sun bi Malam, shi ƙafa ta hana shi. Kullum yana kiran salla a masallacin da rufinsa ya rufta, ya yi abarsa shi kaɗai, ya ce mana saƙo na nan tafe. Ni kuwa in mahauci ya yi magana sai in ga shi ke da gaskiya, in tsohon ya buɗe baki sai tsoro ya kama ni, in ce ko mu ne muka ɓata.

Wata safiya cikin damina ba mu ji kiransa ba. Na leƙa ɗakinsa na tarar rai ya yi halinsa. Muka yi masa wanka ni da tela, matanmu suka haɗa ɗan farin ƙyallen da ke akwai aka ɗinka likkafani. Sai muka tsaya muna kallon juna. Makararmu tun bara aka sare ta aka hura wuta. Digar haƙa babu. Mu kanmu ba mu kai mu ɗauke shi mu yi canji a hanya ba, ga yunwa ta cinye mana gwiwa. Makara ɗaya ce a garin, tana jingine a masallacin Juma'a, kuma limamin da ke riƙe da ita ɗan kawun nan nawa ne. Mahauci ya ce shi ba inda za shi, tsohon ya zaɓi mutanensa, su zo su binne shi. Tela ya ce kunya ba za ta bar shi ba. Rana tana ɗagawa, ga zafi, gawa ba ta jira. Na sa hula na kama hanya.

Na iske Liman a ƙofar gida yana ɗaure akuya. Rabona da gaishe shi tun kafin rasuwar mahaifinsa. Na durƙusa na ce masa Yaya, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya gama ɗaure akuyar. Sannan ya tambaye ni ko mamacin zai so shi ya sallace shi. Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce masa a'a, da yana da baki da ya hana. Ya gyaɗa kai, ya ce to hakkin gawa ba a hannun gawa yake ba, a wuyan masu rai yake, in je in ɗauko makarar. Kafin in miƙe wani dattijo da ke zaune a dakali ya ɗaga murya ya ce ranar da aka fito da gawar mahaifiyarsa shi dattijon, mu ɗin nan muka wuce da fartanyu a kafaɗa ko kallo ba mu yi ba, yau kuma mun san hanyar gidan liman. Gaskiya kuwa ya faɗa. Liman ma bai tsawata masa ba, cewa kawai ya yi wanda zai iya ya taso, wanda ba zai iya ba babu dole.

Wasu suka taso, wasu suka ci gaba da zamansu. Samari suka zo da diga da shebur. Da muka isa maƙabarta sai na tarar da mahauci a cikin ramin, ya tuɓe riga yana haƙa, yana zubar da hawaye yana mita, wai tsohon nan ko a mace sai ya wahalar da mutane. Liman ya shige gaba, muka bi shi, aka sallaci Baba Ladan a sahu ɗaya da mutanen da ya mutu yana ƙin gaisarwa. Ina tsaye ina tunanin ko mun kyauta masa ko mun ci amanarsa, kuma har yau ban gama raba wannan gardamar da kaina ba.

Daga maƙabarta ban koma gida ba, na wuce wajen matar kawu na yi mata ta'aziyyar mijinta, bayan shekaru. Ta dube ni ta ce ta karɓa, amma in sani ranar nan ta hange ni a gona, kuma ba za ta ce mini ta manta ba. Na ce Inna ban nemi ki manta ba. Ta ce to in riƙa zuwa.

Ba zan ce na huce ba. Har yanzu akwai gidajen da ba a amsa sallamata da sakin fuska, kuma zaman gindin ɗorawa bai daina ƙarewa da musu ba. Abin da na koya shi ne shiga irin wannan abu ba ya ɗaukar lokaci, fitar ce ke cinye sauran rayuwar mutum, kuma ba kai kaɗai take ci ba, har da matarka da 'ya'yanka da ba a shawarce su ba. Ban ce kowa ya bar neman ilimi ba. Amma ina roƙon matasa, duk malamin da zai ce sai ka daina gaida mahaifanka da maƙwabtanka kafin Allah ya karɓe ka, ka tashi daga gabansa tun kana iya tashi. Shi yana da inda za shi in abu ya ɓaci. Kai kuwa a garin nan za ka tsufa, a hannun mutanen nan za ka mutu. Allah ya yafe mana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.