Liyarin da Gwaggo Ta Ce Ba Nata Ba Ne

Mahaifiyata tana da ƙawa Bafillatana wadda ke kawo mata nono tun ba a haife ni ba. Gwaggo muke ce mata. Shekarar da ciyawa ta yi wuya, da za su kora shanu kudu, ta zo gidanmu na Tsarnawa ta bar wa Inna ajiyar wani ƙullin tsumma. Liyari ne a ciki, tsofaffin kuɗin azurfar nan masu hoton wata mace mai jiki a fuska ɗaya, tsuntsu mai kai biyu a ɗayar. Gadon uwarta ne. Inna ko kwance ƙullin ba ta yi ba, ta jefa shi cikin kwalla ta ɗora sauran kwanoni a kai.

Sun daɗe ba su dawo ba. Ranar da Gwaggo ta zo karɓar kayanta ina gida, na zo gaishe da Inna daga Birnin Konni inda nake aure, nake kuma ɗinki. Gwaggo ta kwance tsumman a kan tabarma tana juya su ɗaya bayan ɗaya, sai ta ware guda ta ajiye gefe. Ta ɗauki ruwa ta sha.

"Wannan ban san shi ba," in ji ta.

Inna ta tambaye ta ko akwai wanda ya ɓace. Ta ce a'a, sun cika, amma wannan ba ya cikin na uwarta. Da na duba, na ga abin da take nufi. Sauran duk sun goge, fuskar matar ta shafe don daɗewa a hannun mutane, shi kuwa wannan har gashin kanta ana iya gani. Gwaggo ta sa aka kawo dutsen niƙa, ta riƙa sakin su a kai. Kowane ya yi ƙararsa mai tsawo. Na gefen ma ya yi ƙara, sai dai na ji kamar ta fi ta sauran siriri. Har yau ban tabbata ko kunnena ne ya ji haka, ko fuskar Gwaggo na karanta ba.

Nan take zuciyata ta tafi kan wana. Shi ke zaune gidan da iyalinsa, yana kabu-kabu tsakanin Tsarnawa da Konni. A bara babur ɗinsa ya kwanta, ya yi ta kukan ba shi da na gyara, sai ga shi kwatsam ya tashe shi. Kuma shi ne ya taɓa ba mu labarin ana sayar da liyari na jabu a ƙetaren iyaka. Ban furta ba. Ita Inna nata zargin dabam ne. Da ta ja ni ɗaki ta ce wa ya sani ko ɗan Gwaggo ne ya musanya tun kafin a kawo mata, tunda ba a buɗe a gabanta ba. Ta ce ba za ta yarda ƙullin ya bar gidanta haka ba, in tafi da Gwaggo Konni ranar kasuwa a gwada.

Maƙerin fari muka fara zuwa. Ya kanga musu maganaɗisu, ba wanda ya motsa. Ya goga gefen kowane a wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora su kan ɗan sikelinsa. Ya ce duk azurfa ce mai kyau, har da wanda ake tababa a kai, shi ma ya ɗan fi nauyi don bai goge ba. Na ji sanyi a raina, amma muna fita Gwaggo ta tambaye ni ko na san mutumin. Na ce matarsa na kawo mini ɗinki. Ta ce to mu je wurin wanda bai san ni ba.

Ita ta zaɓi na biyun, wani mai sayen tsohuwar azurfa kusa da tasha, mai teburi ɗauke da sefa da naira. Ya sa ɗan gilashi a ido ya daɗe yana kallo. Ya nuna mana cewa shekara ɗaya ce rubuce a jikinsu duka, ya ce wannan ba ta nuna komi, don ƙasashe da yawa sun buga irin kuɗin nan kuma kowa wannan shekarar ya ci gaba da sawa: Otiris wato Ostiriya, Faransa, Ingila, Italiya, har Indiya. Inda ake gane bambanci, in ji shi, ƙananan abubuwa ne, kamar ɗigo-ɗigon da ke jikin maɓallin kafaɗar matar, da gashin wutsiyar tsuntsun, da rubutun da ya kewaye bakin kuɗin. Ya buɗo hotuna a wayarsa yana kwatantawa. Gogaggun ya ce ba zai iya rantsuwa a kansu ba, alamun sun tafi. Na gefen yana zaton bugun Italiya ne, amma zato ne kawai.

Da muka tambayi darajarsu, ya ce nauyi ake bi, farashin azurfa kuwa yau ya hau gobe ya sauka. Sai ya sassauta murya ya ce in za mu sayar masa da wannan guda ɗaya, zai ƙara wani abu a kan na nauyin. Daga nan na daina yarda da shi. Mutumin da ya ce zato yake yi, me ya sa yake son wannan kaɗai? Da na tambaye shi, ya ce akwai masu tara su, suna son wanda bai goge ba. Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauke abinta daga teburin tun bai gama ba.

Kafin mu tashi na tambaye shi ko akwai hanyar gane tun yaushe liyarin yake cikin 'yan'uwansa. Ya yi dariya ya ce gilashinsa ba ya ganin wannan.

Da muka koma Tsarnawa na faɗi komi a gaban su biyun. Inna ta ce ba ta taɓa jin wanda ya ɗauke azurfa ya mayar da wadda ta fi ta ba. Gwaggo ta ce ita ba ta ce an yi mata sata ba, cewa ta yi ba ta san shi ba, kuma har yanzu ba ta san shi ba. Ta ƙulle su duka a tsumma ɗaya, ta yi sallama ta tafi. Tana kawo nono har yanzu, suna gaisawa, amma hirar ba ta tsawo.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne, mutum na iya sayar da tsohon liyari lokacin matsi, daga baya ya samo wani na gaske ya mayar. Bayan wani lokaci wana ya kawo ni gida a babur, da na sauka na tambaye shi ina ya samu kuɗin gyaran nan na bara. Ya ce waken gonarsa ya sayar, in je in tambayi Inna. Na tambaye ta. Ta ce ya sayar da wake, gaskiya ne, amma ba ta tuna ko kafin gyaran ne ko bayansa ba. Shi kuwa tun ranar, in ya gan ni a tasha sai ya ce wa wani abokin sana'arsa ya kai ni.