Ƙulli Uku a Wutsiyar Tarwaɗa

Duk wanda ya taɓa tsallaka iyaka ta Lolo a shekarun baya ya san Namadi, ko bai riƙe sunan ba ya riƙe muryar. Dogo ne siriri mai tsohuwar hula, kullum yana zaune a kan wani kifaffen kwale-kwale a bakin kogin Kwara. Ba ya tuƙa mota, ba ya su, ko gonar shinkafar da ya gada ma matarsa Iyatu ce ta fi shi sanin iyakarta. Abin da ke hannun Namadi hanya ce. In baƙo zai shiga ƙasar Benin bai san gabas ba bai san yamma ba, wurinsa ake kai shi, shi kuwa ya gyara zama ya karanto masa ƙasar kamar mai hadda.

"Ƙasa ta doguwa awa ludayi," haka yake farawa, "kai na nan wajenmu, mariƙi na can cikin teku. In ka hita Malanbil, Dendawa na, 'yan'uwanmu, kak ka ji komi. Kandi auduga ta, fari hal iyakar ganinka. Daga nan sai Bargawa da Hillani, sai Faraku, inda za ka ci sakwara da cuku hal ka manta tuwon gidanku. In ka gangara, ƙasa ta yi ja, itace ya yi duhu, halshe ya sake, sai Fon da Yarbawa. Kak ka ɗauki hoton wurin bautar mutane. Kak ka yi ma jandarma gardama da Turancin Najeriya. Ƙarshe Kwatano, inda ƙasa taƙ ƙare, ruwa ba shi da ƙetare."

Direbobi sun haddace wannan karatu har suna kwaikwayonsa don tsokana, shi kuwa ko a jikinsa. Ya san bayani kowa na iya yi. Abin da babu mai shi sai shi, gidaje uku ne.

Mahaifinsa Ɗanmusa masunci ne da ya riƙa kai bandar kifi kudu tun ana tafiya a bayan manyan motoci, shi ya ƙulla amana da gidajen. A Kandi akwai gidan Haliru, Badende. A Faraku akwai na Atika, Babargiya mai abincin sayarwa. A Kwatano akwai na Lawal, Bayaraben da ke zaune a unguwar Zango, wanda suka taso da Namadi kamar 'yan ciki ɗaya. Ba a rubuta wasiƙa tsakaninsu. Namadi zai ba baƙo bandar tarwaɗa guda uku, kowace an ɗaure wutsiyarta da kaba, ƙulli uku jere. Mai gida na ganin ƙullin ba zai tambayi suna ba, sai ruwa, sai tabarma, sai abinci har kwana uku, sannan ya sa a raka baƙon tasha. In baƙo zai dawo, Haliru ya ba shi dunƙulen auduga, Atika ta ba shi doya guda, Lawal ya ƙulla masa gishirin teku a tsumma. Waɗannan in sun iso hannun Namadi ya san hanya na nan da ranta. Ƙa'ida kuma ita ce na sama ke fara aikawa, don ruwa daga sama yake gangarowa. Gidan kudu ba ya aiko komai sai kifi ya je.

Shekara talatin da wani abu yana wannan aiki, kuma bai taɓa jin baƙonsa ya kwana a tasha ba. Da wannan yake taƙama, kuma in za a faɗi gaskiya ba shi da wani abin taƙamar bayansa.

Sai aka rufe iyaka a 2019. Kafin a buɗe, 'yan kasuwa sun nemi wasu hanyoyi. Da aka buɗe kuma sai maganar 'yan bindiga a dazuzzukan ƙetare ta cika gari, mai son ganin ƙasa ya ce ransa ya fi. Ɗan abin da ya rage na matafiya kowa da wayarsa, ita ke faɗa masa inda zai sauka. Tsohuwar wayar Namadi da lambobin gidajen ke ciki ta faɗa ruwa a shekarar babbar ambaliya, bai kuwa nemi wasu ba. Ya ci gaba da fitowa bakin kogi kowace safiya, yana gyara murya in ya ga baƙuwar fuska, fuskar ta wuce shi.

Iyatu ce ke yin bandar, ita ta fi kowa ganin abin da ke faruwa. Ta sha ce masa, "Malam, ka ba direba kihin nan ya kai musu mana. Zumunta a ƙahwa take."

"Kihi ba ya tahiya ba baƙo," yake ce mata. "Haka nig gada."

Gadon gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Tsoro ne ke cin Namadi. Muddin bai aika ba, gidajen uku na nan a ransa da ƙofofinsu a buɗe. Haka ya ja shekara shida.

Bayan girbin bara sai ga Albashir, wani malamin sakandare ɗan Kaoje, da jaka da littafin rubutu. Ya durƙusa ya gai da Namadi, ya ce yana son rubuta ɗan littafi da Hausa don masu zuwa Benin, su san mutanenta da abincinta da inda ake sauka, kuma an ce masa in bai fara da Baba Namadi ba bai fara ba. Ranar tsohon nan kamar an yi masa bushara da Makka. Ya karanto ƙasar tun daga Malanbil har teku, ya ƙara da garin da ke tsaye a kan ruwa kusa da Kwatano, inda mata ke cin kasuwa cikin kwale-kwale. Albashir na rubutu har hannunsa ya gaji.

Da aka zo maganar masauki, malamin ya nuna masa wata takarda da ya kwafo sunayen otal-otal daga waya. Namadi ya karɓa, ya juya ta sama da ƙasa duk da ba ya karatun boko, ya cusa ta a aljihunsa.

"Baƙona ba ya kwana otal. Mi za ka rubuta in ka kwan otal? Bango?"

"Baba, ko dai a fara bincikawa, tun da an kwana biyu?"

"Ba a tambayar gidan amana ko ƙohwa na buɗe. Zagi na."

Iyatu ta zaɓo tarwaɗa uku mafi kyau, ta gasa su a hankali har suka yi baƙi suna sheƙi. Namadi da kansa ya yi ƙullin. Da jirgin ruwa ya tashi da Albashir ya tsaya yana kallo har ya sha kwana, sannan ya koma gida ya ci tuwo malmala biyu, abin da ya daɗe bai yi ba.

Kwana goma sha biyu ya yi yana ba masu shayi labarin abin da baƙonsa ke ci a kowane gari. A na sha uku da hantsi Albashir ya sauko daga jirgi, ya rame, jakarsa na warin hayaƙi. Bai yarda ya yi magana a bakin kogi ba, sai da suka shiga zaure, Iyatu na tsaye a bakin ƙofa. Ya buɗe jakar ya fito da tarwaɗa ɗaya ya ajiye a tabarma.

"Kandi, Baba. Alhaji Haliru ya rasu shekara uku ke nan. Ɗansa na iske. Na miƙa mishi kihin, ya juya shi ya ce ba su saye yau. Na nuna mishi ƙullin, ya ce shi bai san wanga zance ba. A tasha nik kwana."

Ya fito da ta biyu.

"Faraku babu gidan ma. An rushe, gidan mai na a wurin. Wata mai ƙosai ta ce Atika ta koma ƙauye wurin ɗiyarta tun da ƙahwa tak kasa, ba ta san wane ƙauye ba."

Idon Namadi na kan jakar, yana roƙon Allah a ransa kada hannun Albashir ya sake shiga. Hannun ya shiga, ta uku ta fito, ƙullinta ko motsi bai yi ba.

"Lawal fa?" Muryar da direbobi ke kwaikwayo ta koma kamar ta mai mura.

"Da damanar da ta wuce Allah Ya yi mishi rasuwa. Matarsa ta gane ƙullin tun daga nesa, ta zauna tana kuka. Ta ba ni ruwa da abinci, na kwana uku. Amma ta ce kihi na mai gida na, mai gida kuwa ba shi nan, in maido maka." Albashir ya zazzage ƙasan jakar. Ƙananan ƙullin tsumma shida suka zubo, wasu sun yi ja don daɗewa. "Ta ce duk shekara yakan ƙulla gishirinka ya aje, yana jiran kihi ya zo. 'Ya'yansa sun ce ya ba direba, ya ce a'a, na sama ka fara aikawa. Ta ce in faɗa maka, ko da ba daɗi, hal ya cika yana tambaya mi ya yi maka da kay yar da shi."

Iyatu ta juya ta shige ciki. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Namadi ya ɗauki ƙullin gishiri ɗaya ya riƙe. Mutuwa ta Allah ce, wannan ya sani, amma kusan shekara shida Lawal na raye yana jira, tarwaɗa na rataye a ɗakin Iyatu, motoci na tashi kudu kowace Laraba.

Albashir ya buɗe littafinsa a hankali. Ya ce ƙasar kam yadda Baba ya faɗa take, audugar da sakwarar da tekun duk ya gani, ya rubuta. Shafi ɗaya ne ya rage fari, na inda baƙo zai sauka, kuma bai san abin da zai sa ba.

Namadi ya sa hannu a aljihun rigarsa ya lalubo takardar nan, ta yi laushi don ninkewa. Ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ga ta, ɗana. Rubuta otal."

Washegari bai fito bakin kogi ba, har yau kuma bai sake fitowa ba. Kwale-kwalen na nan a kife, masu jiran jirgi na ɗora kaya a kai. Iyatu ta yi miya da tarwaɗa biyu don kada su lalace. Ta ukun ya hana a taɓa, tana rataye a zaure da ƙullinta uku, gishirin Lawal na ƙarƙashinta a cikin ƙwarya.