Bulala Shida a Tafin Hannun Dije

Wata ranar Talata cikin damina, ina aji biyu a firamaren unguwarmu kusa da Ƙofar Wambai, Malam Sabo ya jera mu a gaban allo ya ce kowa ya yi ƙirgen bibbiyu har ashirin. Ni ko a jikina, domin Dije ta riga ta koya mini. Dije maƙwabciyarmu ce, tare muke ɗebo ruwa a famfo, tare muke carafke a zaurensu inda babanta yake ɗaure tumaki. Da ta ga kullum ina kakarewa a takwas, sai ta ja ni ƙofar makarantar allo inda yara suke tuɓe takalma, ta ce, "Kowa takalmi biyu gare shi. Bi su mutum-mutum, ki bar wahalar da kanki." Kafin a tashi daga karatu na iya.

Matsalar Dije ɗaya ce, in'ina. Idan ta tsorata magana ba ta fita. Da aka zo kanta ta kai goma lafiya, sai ta maƙale a sha biyu. Ni da ke bin ta a layi na zubo nawa tiryan-tiryan. Dokar Malam ita ce wanda ya ci shi zai zane wanda ya faɗi, sai ya miƙo mini tsumagiya ya ce shida. Na san ta iya, ta ma fi ni, kuma buɗe baki kawai zan yi in gaya masa. Ban yi ba. Daɗin yabo ya ɗebe ni, na zage ƙarfi na tsula mata, 'yan aji suna dariya. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi.

Da yamma na leƙa gidansu, ƙanwarta ta ce wai ba ta nan, alhali ina jiyo muryarta a tsakar gida. An ce "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa", to su suna shiryawa. Mu ba mu shirya ba, don girman kai ya hana ni ba ta haƙuri har suka tashi daga unguwar.

Yanzu 'ya'yana da waƙa da tafi ake koya musu wannan ƙirge, ba a ba yaro bulala ya daki ɗan'uwansa. Ina yi musu murna, amma ni kunyar ba ta sake ni ba. Mukan haɗu da Dije a gidan biki, ta gaishe ni da fara'a kamar yadda ake gai da baƙuwa, ta ce, "Hajiya, yaya yara?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.