Mugaye Huɗu da Gilashin Baba Tela

Komai na ƙuruciyata a Gwallaga zai iya ɓace mini, ban da makon da muka zama mugaye.

A bakin layinmu akwai wata mata 'yar kudu mai shagon tsofaffin littattafai. In mun taso daga makaranta takan bar mu mu zauna a benci mu buɗe littattafan nan masu zane-zane, na jarumai masu tashi sama. Turancinmu bai taka kara ya karya ba, hotuna kawai muke bi. Jarumin bai taɓa burge mu ba, kullum shi kaɗai, fuska a murtuke. Gungun maƙiyansa muke so. Kowannensu da tasa baiwar, ga maɓoya, su zauna su ƙulla makirci suna ƙyaƙyata dariya.

Mu huɗu muka kafa namu gungun: ni, da yayata, da tagwayen maƙwabtanmu. Yayata ce shugaba don ta fi mu baki. Muka yanka kwali muka rufe fuska, tsohon akurkin gidanmu ya zama maɓoya. Saura mugunta.

Sai muka zaɓi Baba tela, dattijon da yake korarmu in mun buga ƙwallo a gaban shagonsa. Ana saura kwana biyar salla, ya cire gilashinsa ya ajiye a kan keken ɗinki, ya fita alwalar la'asar. Ni aka tura in ɗauko shi. Na dawo da gudu ana yi mini tafi.

Washegari muka laɓe mu ga nasararmu. Yana zaune cikin tulin yadudduka, yana ta kai zare bakin allura yana kuskurewa. Wani mutum ya zo ya yi ta faɗa, ya kwashe yadin 'ya'yansa ya ce zai kai wani wuri. Baba ya lashi zaren ya sake gwadawa. A littafi ba a taɓa zana mana wannan ba.

Yayata ce ta fara kuka. Muka yi ta tura wa juna wanda zai mayar da gilashin, ƙarshe muka tafi mu duka, muka durƙusa. Ya sa gilashin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi me ya yi mana. Da yayata ta yi masa bayanin littafin, ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "To, tunda ƙungiya gare ku, na ɗauke ku aiki."

Har salla muna shagon in mun taso daga makaranta. Tagwaye na sa zare a allura, yayata na maɓallai, ni ina fifita gawayin dutsen guga, shi kuwa yana ba mu labarin Bauchi tun tana cikin ganuwa. Bai gaya wa iyayenmu ba. Mai yadin nan dai bai sake dawowa ba, Baba kuma bai taɓa yi mana gori ba.

Ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Ranar da aka kai shi, mu huɗun muka zauna a ƙofar shagon, duk da girmanmu. A wurinsa na koyi cewa abin da ka kira wasa, a kan abincin wani yake sauka, kuma yafiya ta fi bulala gyara yaro.